Yajin Aiki, Jinkirin Albashi da Aljihun Gwamnati: Tambayoyi da Amsoshi daga Maraɗi

Duk lokacin da wata ya mutu albashi bai sauka ba, ko aka ji sandikar malamai, wato ƙungiyar ƙwadagonsu, ta ce a ajiye alli, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke yawo a Maraɗi, daga fada zuwa bakin kanti zuwa ƙofar makaranta. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu bisa abin da ya faru a ƙasar nan.

Ai gwamnati ce ke riƙe da dukiyar ƙasa. Yaya za a yi ta rasa abin biyan ma'aikata?

Kasafin kuɗi daban, baitulmali daban. Kasafi lissafi ne da ake yi tun shekara ba ta kama ba: za mu samu kaza, za mu kashe kaza. Baitulmali kuwa abin da ya shigo hannu ne, a ranar da ya shigo. Kuɗin gwamnatin Nijar ta hanyoyi kaɗan suke zuwa: harajin cikin gida, kuɗin duwan (kwastan), rabonta daga fetur da ma'adinai, tallafin ƙasashen waje, sai rance. In hanya ɗaya ta toshe ana iya lallaɓawa. In uku suka toshe lokaci guda, sai kowa ya ji a jikinsa.

Haka aka yi a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO (ECOWAS) da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da sefa, suka ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wata, aka rufe iyakoki, aka kulle asusun gwamnati a babban banki, Tarayyar Turai da Faransa da Bankin Duniya suka tsayar da tallafi. A watan Oktoba gwamnati ta sake kasafin shekarar, daga sefa miliyar 3,291 ya koma miliyar 1,981. Wato an datse kashi 40 cikin ɗari alhali shekara ta riga ta yi nisa.

Akwai masu cewa to a buga kuɗi mana. Nijar ba ta buga sefa. BCEAO, wato babban bankin yankin, ce ke fitar da ita, hedikwatarta a Dakar, ƙasashe 8 ke tarayya a kanta, kuma an ɗaure ta da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957, ba ya motsi. Nan muka sha bamban da maƙwabtanmu na kudu. Can ma jihohi kan riƙe albashi, amma babban ciwonsu faɗuwar naira ne: ma'aikaci ya karɓi kuɗinsa, ya je kasuwa ya tarar ba su sayi rabin abin da suka saya bara ba. Mu a nan sefa ta fi riƙe darajarta, sai dai ba ta zuwa kan lokaci.

Idan kuɗin ba su kai ba, wa ake fara biya?

Duk maganar a nan take. Gwamnati ba ta taɓa fitowa ta ce ta karye. Abin da take yi shi ne ta jera mutane a layi, ta zaɓi wanda zai jira.

Babu dokar da ta rubuta tsarin layin, amma wanda ya daɗe yana kallo ya san shi. Masu kaki ne a gaba. Tun watan Fabrairun 1992, lokacin da ƙananan sojoji suka yi bore a Yamai saboda bashin albashi a zamanin riƙon ƙwaryar Amadou Cheiffou, babu ministan kuɗin da ke wasa da wannan. Yanzu kuma ga yaƙi a Tilaberi da Diffa, ga ƴan bindiga da masu satar mutane a Madarunfa da Gidan Rumji, don haka kason tsaro sai ƙaruwa yake yi. Bayansu sai masu bin ƙasa bashi, domin wanda ka ƙi biya yau ba zai ranta maka gobe ba. Sai cikakkun ma'aikata masu lambar aiki. Sai ƴan kwantiragi. Sai kuɗin ɗalibai. Can ƙarshe kuma ɗan kasuwar da ya gina aji uku ko ya kai wa wata ma'aikata buhunan shinkafa, yana riƙe da takardar biya yana zarya.

Yajin aiki, in aka cire masa ado, ƙoƙari ne na matsawa gaba a wannan layi. Mai iya rufe asibiti ko makaranta ko tsayar da aikin duwan ana jin muryarsa. Wanda in ya zauna a gida babu abin da zai tsaya, shi ne ke kwana a baya. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa ma'aikata ne kaɗai ke shan wahalar karayar aljihun gwamnati. Suna sha, amma su ko ba komai suna da bakin faɗa. Manomin Dakoro da aka ce bana babu takin da aka rage wa farashi, ba shi da sandika, ba shi da ranar yaji.

Me ya sa kullum malaman makaranta ne, sai ma'aikatan lafiya?

Domin su ne suka fi yawa, kuma a cikinsu ne aka fi tara ƴan kwantiragi.

Nijar na cikin ƙasashen da jama'arsu ta fi saurin ƙaruwa a duniya, sama da kashi 3 cikin ɗari kowace shekara. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum miliyan 3.4, kuma yawancinsu yara ne. Kowace damina ta wuce sai an buɗe sababbin azuzuwa, ko da na zana da kara ne. Amma UEMOA na da ƙa'idar cewa albashi kada ya wuce kashi 35 cikin ɗari na harajin da ƙasa ke tarawa, asusun lamuni na duniya IMF da Bankin Duniya kuma sun daɗe suna sa ido a kan wannan adadi. Mafitar da aka samo tun ƙarshen shekarun 1990 ita ce a ɗauki malamai da sunan ƴan sa-kai, daga baya aka mai da su ƴan kwantiragi: aiki ɗaya da cikakken malami, kuɗi ƙasa da nasa nesa ba kusa ba. Sannu a hankali har suka zama su ne mafi rinjaye a makarantun firamare.

A dubi malamin kwantiragi da aka tura wani ƙauye bayan Mayahi. Iyalinsa na Maraɗi cikin gidan haya. A ƙauyen, mai tebur ne ke ba shi shinkafa da sikari da ganyen shayi yana rubutawa, matar mai gari kuma ta aiko masa da fura don tausayi. Ranar da aka ce kuɗi sun fito, sai ya rufe aji ya hau kabu-kabu zuwa bakin titi, ya shiga mota zuwa inda ake biya. Wani lokaci ya tarar sunansa bai fito ba, ko an ce sai gobe. Kuɗin motar ma rance ne. Kwana biyu ko uku ke nan yara ba su ga allo ba, kuma babu wanda ya kira wannan yajin aiki.

Don haka buƙatun sandikokin malamai irin su SNEN da SYNACEB ba su cika canzawa ba: a biya kan lokaci, a ɗauki ƴan kwantiragi cikakken aiki, a biya kuɗin ƙarin girma da aka riƙe. A 2017, da gwamnati ta shirya wa malaman kwantiragi jarrabawar tantancewa, sandikoki suka ce dabara ce ta rage ma'aikata, gwamnati ta ce gyaran ilimi ne. Gaskiyar magana kowanne na da abin kamawa. An samu malaman da ba su iya abin da suke koyarwa ba, amma wanda ya ɗauke su da araha ba tare da horo ba shi ne dai ya dawo yana tuhumarsu.

Ma'aikatan lafiya ƙarƙashin SUSAS da malaman jami'a ƙarƙashin SNECS, har da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke nan Maraɗi, labarinsu bai yi nisa da wannan ba.

Dattawa na cewa abin da ake gani yanzu wasa ne in an tuna zamanin da. Da gaske ne?

Ta fuskar albashi, da gaskiyarsu.

A shekarun 1970 uranium ɗin Arlit ya cika aljihun gwamnatin Seyni Kountché, aka yi gine-gine, aka ɗebi ma'aikata, aka kuma ci bashi da tunanin kasuwa za ta dore. Farkon shekarun 1980 farashi ya faɗi. Daga 1983 Nijar ta shiga hannun IMF, aka fara tsuke bakin aljihu. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito a Yamai suna adawa da matakan tsimi a harkar ilimi, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, aka kashe uku. Daga nan uwar ƙungiyar ƙwadago USTN ta haɗa kai da ƙungiyar ɗalibai USN, suka yi ta yajin gama-gari har Janar Ali Saibou ya amince da jam'iyyu barkatai, aka kira Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991. Wato dimokuraɗiyyar Nijar daga rikicin kasafin kuɗi ta fito.

Sai dai taro bai cika baitulmali ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Magani da kayan gyaran mota da duk abin da ake shigowa da shi ta Kwatano suka yi tashin gwauron zabo, albashi na nan inda yake, shi ma ba ya zuwa. USTN ta shiga dogon yaji a shekarar, zamanin Mahamane Ousmane. Aka yi juyin mulkin Ibrahim Baré Maïnassara a Janairun 1996, aka kashe shi a Afrilun 1999, bashin albashi kuwa sai taruwa yake yi wata bisa wata. An yi shekarun karatu da aka soke ɗungurungum. Akwai mutane a garin nan, yau suna da furfura, da karatunsu ya tsaya a lokacin, suka faɗa kasuwa ko suka tafi ci-rani Kano da Legas ba su sake komawa aji ba.

Sai zamanin Tandja Mamadou, daga 2000, albashi ya dawo wata-wata, kuma yafe wa ƙasar wani kaso na bashin waje a 2004 ya taimaka.

Ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa cin albashin gwamnati ba. Ina ruwana?

Alhaji, buɗe littafin bashin kantinka ka duba sunayen. Malam wane, likita wance, na gidan ruwa, na ofishin magajin gari. Tun ranar 10 ga wata ake fara cewa "rubuta, sai ƙarshen wata." Kai ma da wannan alkawari ka karɓi kaya wajen babban dila a babbar kasuwa, shi kuma da naka alkawarin ya yi odar mota daga Kano. In albashi ya yi jinkirin mako biyu, mai gidan haya bai samu ba, mahauci ya rage yanka, tela na zaune da ɗinkin da ba a zo karɓa ba, adashin mata ya tsaya a kan wadda kwasarta ta zo. Ma'aikatan gwamnati ƙalilan ne in aka kwatanta da yawan jama'a, amma kuɗinsu ne kaɗai ake iya sa wa rana, shi ya sa bashin gari ya rataya a kansu. Kowane albashi guda kuma akwai gida biyu ko uku a ƙauye da ke jiran tiyar hatsi daga cikinsa.

Sannan gwamnatin da tallafi ya yanke mata, wajenka za ta juyo. Patanti, kuɗin rumfa, kuɗin duwan, binciken takardu: duk sai su ƙara tsanani daidai lokacin da ciniki ya mutu.

Me ya sa abin da ya faru a Najeriya ya fi taɓa Maraɗi fiye da abin da aka yanke a Yamai?

Daga nan zuwa Yamai ya haura kilomita 600. Zuwa Ɗan Isa da Jibiya, garuruwan bakin iyaka, kuwa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Tun da gyaɗa ta mutu a lokacin fari na shekarun 1970, arzikin Alhazan Maraɗi ya koma kan iyaka: a sauke kaya a Kwatano, a biya duwan na Nijar, a tsallaka da su Najeriya, a kai dabbobi da wake da aya kudu, a dawo da masara da kayan masana'anta da mai. Baitulmali na cin riba mai kauri daga wannan zirga-zirga.

To a lissafa abin da ya biyo baya cikin ƴan shekaru. A 2016 naira ta faɗi, mai rago ya kai kasuwa ya karɓi naira, ya canza ta zuwa sefa ya ga ko kuɗin kiwo bai fita ba. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya cire tallafin mai, sana'ar ƴan ruwa-ruwa, masu sayar da man Najeriya a bakin titi, ta rikice. Bayan wata biyu takunkumi ya zo, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kaso mafi yawa na lantarkinta daga gare ta. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso da rakiyar soja. Wanda ya san kuɗin mota daga Kwatano ta Gaya, ya kuma ji na sabuwar hanya, ba sai an yi masa bayanin tsadar shinkafa ba.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya rage abin da duwan ke tarawa. Abin da ya ragu a Ɗan Isa shi ne ke fitowa daga baya a matsayin jinkiri a hannun malamin Tasawa.

Yajin aiki na biyan buƙata kuwa, ko ɓata lokaci ne?

Wani lokaci yana yi. Abin da na lura shi ne ya fi yi idan ya fita daga hannun ma'aikata ya zama na kowa.

A farkon 2005 gwamnati ta ɗora harajin TVA, wanda ake ƙarawa a kan farashin kaya, na kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sikari da ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago da na masu saye suka haɗu a ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa. Ranar 15 ga Maris aka yi gagarumin gangami a Yamai, bayan mako guda aka kira zaman gida, kasuwanni da tashoshi suka rufe. An kama shugabanni irin su Nouhou Arzika da Marou Amadou da Moussa Tchangari, amma a watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga madara da fulawa, ta sassauta na ruwa da wuta. Abin takaici, shekarar ce yunwa ta yi wa jihar Maraɗi mummunan kamu, cibiyoyin tamowa suka cika da yara. Masu zaman gida a birni sun ci nasara. Waɗanda rumbunsu ya ƙare tun kafin bazara ba su da wanda za su yi wa yaji.

Dokar kasafin 2018 kuma ta nuna ɗaya fuskar. An yi watanni ana zanga-zanga a kan sababbin haraji, ciki har da na gidaje, alhali an sauke wa kamfanonin waya wani haraji. Ranar 25 ga Maris 2018 aka kama jagorori, suka yi wata huɗu a tsare, dokar kuma ta zauna daram.

Shi kuwa yajin kwana biyu ko uku da sandika ɗaya ke maimaitawa kowane mako, yawanci da yarjejeniya yake ƙarewa: a sa hannu gaban kyamara, a kafa kwamiti, a biya wata ɗaya cikin ukun da ake bi. Shekara ta zagayo a sake yaji don a cika yarjejeniyar bara.

Ana yanke wa mai yaji albashi?

Ana yankewa. Ka'ida ita ce ranar da ba a yi aiki ba babu lada, ko da yake sau da yawa maido da abin da aka yanke kan shiga cikin sharuɗɗan sulhu. Dole sandika ta ba da sanarwa tun da wuri, kuma a wurare irin su asibiti da ruwa da lantarki doka ta wajabta a bar masu aikin gaggawa. Ɗan kwantiragi ya fi kowa shiga haɗari, don sallamarsa ba ta da wuya.

Tun hawan soja sai muka ji sandikoki sun yi sanyi. Sun samu abin da suke so ne?

Dalilan sun cakuɗe. Da yawa daga shugabannin ƙwadago sun mara wa majalisar mulkin soja CNSP baya lokacin takunkumi, suka ce ba a rikicin cikin gida ana tsaka da matsin waje. Gwamnati kuma ta yi abubuwan da talaka ya gani da ido: mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jika 42 (sefa 42,000) daga Janairun 2024, litar fetur ta sauko zuwa sefa 499 a watan Yuli, aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. An ci gaba da biyan albashi a lokacin da mutane da yawa suka zaci ba za a iya ba, ko da yake an sha layi a bankuna ana ba da kuɗi kaɗan-kaɗan.

Amma rangwame ma kuɗi ne. Asibitin da aka rage wa kuɗin shiga, in baitulmali bai cike masa gurbin ba, sai ya rasa safar hannu da man janareto. Asusun ceton ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023 daga aljihun jama'a yake cika, har da dala biyu-biyu, wato sefa goma, da ake cira a kan kiran waya. Sannan fili ya ƙuntata: an jingine tsarin mulkin 2010, an rusa jam'iyyu a Maris 2025, a watan Agustan shekarar kuma aka rusa sandikokin ɓangaren shari'a, har da SAMAN ta alƙalai. Shirun da ake ji, wani na haƙuri ne, wani na lissafi.

Ina kuɗin fetur da uranium?

Fetur na shigo da kuɗi, amma ba kamar yadda ake zato a fada ba. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take tacewa a rana. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, kusan kilomita 2,000, ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024, sai dai kamfanin CNPC na Sin da ya zuba jari shi ke da kaso mafi girma. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga hannunsa tun man bai fita ba, da ruwan kashi 7 cikin ɗari. Wato gangunan farko an riga an ci kuɗinsu. Ga rikici da Benin, ga masu fasa bututu.

Uranium kuwa ya daɗe da daina zama abin da yake a zamanin Kountché. Mahaƙar Cominak ta rufe a Maris 2021, ta Somaïr kuma ta shiga takaddama da kamfanin Orano na Faransa har gwamnati ta mai da ita mallakar ƙasa a Yunin 2025.

Bashin albashi yana bin ruwa ne, ko ana biya daga baya?

Bisa doka ba ya faɗuwa, bashi ne a wuyan ƙasa ko gwamnati ta canza. Amma yadda ake biyansa wani abu ne daban. Na shekarun 1990 an daɗe ana jan sa, har a zamanin Tandja aka biya wani ɓangare da filaye maimakon kuɗi. Wanda ya iya riƙe filinsa ya ci riba daga baya. Wanda bashi ya yi wa katutu ya sayar da takardar da araha ga mai kuɗi a hannu. Ƴan kasuwar da ke bin gwamnati kuɗin kwangila su ma akan biya su gutsure-gutsure, wani sai an tantance takardunsa sau biyu ko uku, banki kuwa na ta lissafa masa ruwa.

Don haka Malam, ko Malama, a adana komai: kwantiragi, takardar kama aiki, takardar canjin wuri, takardar biya ta kowane wata, a yi musu hoto a waya a kuma ajiye kwafi a wani gida, don ambaliyar Agustan 2024 ta cinye takardun mutane da yawa a garin nan. Duk lokacin da aka tashi biyan tsohon bashi, da ƙidayar ma'aikata ake farawa, kuma sunan da ba shi da takarda shi ake fara cirewa.